Zarto da Garma a Makarantar Boko: Tarihin Koyar da Aikin Hannu a Nijeriya ta Arewa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san makarantun sakandare na gwamnati a jihohin Arewa zai tuna da wani dogon ɗaki da akan gina a gefe guda, nesa kaɗan da azuzuwa, wanda yara da malamai suke kira wokshof. A makarantu da dama ɗakin nan a kulle yake, in kuwa an same shi a buɗe, sau da yawa an mai da shi aji ko sito. Domin a koya wa yara aikin katako da na ƙarfe da gyaran kayan noma aka gina shi. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi ƙasar da mafi yawan mutanenta manoma ne, wadda kuma ta yi suna wajen ƙira da jima da saƙa tun kafin zuwan Turawa, ta kasa zaunar da wannan darasi a makarantunta, alhali kuwa an fi shekara ɗari ana gwadawa?

Wannan maƙala za ta bi tarihin gwajin daki-daki, tun daga makarantar Nasarawa ta Kano a 1909 har zuwa tsarin 6-3-3-4 da abin da ya biyo bayansa. Abin da take son nunawa shi ne, darasin aikin hannu yakan yi rai ne a lokacin da aka sami gwani yana aiki a gaban yaro, aikin kuma ya zama wanda gari ko gona ke bukata. Duk sa'ad da aka fara da gini da injuna da takardar shaida, aka bar maganar gwanin a baya, sai darasin ya mutu.

2.0 Koyon sana'a kafin zuwan boko

Bahaushe bai jira makarantar boko ba kafin ya san yadda ake koyar da sana'a. Noma shi ne na kowa da kowa, amma bayansa kusan kowane gida yana da sana'ar rani, kuma galibi gadonta ake yi. Sana'o'i biyu ne suka fi shafar zancenmu, watau ƙira da sassaƙa, domin su ne suke riƙe da noma. Maƙeri shi ke ƙera ruwan fartanya da garma da sungumi da lauje da magirbi da gatari, masassaƙi kuwa shi ke yi musu ƙota, ya kuma sassaƙa turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da allon karatu. Maƙera sun kasu gida biyu, akwai maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, akwai na fari masu aikin azurfa da tagulla, kuma a manyan garuruwa suna da shugabansu, Sarkin Maƙera, wanda ta hannunsa sarki yake neman aikin fada.

Hanyar koyarwar ba ta da allo, ba ta da jarrabawa, amma tana da matakai. Ɗan maƙeri yakan fara da kawo gawayi da jan zuga-zugi, yana kallon launin ƙarfe a wuta har idonsa ya san lokacin da ya isa duka. Daga nan a ba shi awartaki ya riƙe, sa'an nan masaba, sa'an nan a bar shi ya ƙera ƙananan abubuwa kamar allura da ƙusa, kafin a yarda ya taɓa fartanyar mai kuɗi. Haka ɗan masassaƙi yake fara sanin itatuwa a daji, wanne ne ya dace da turmi, wanne da ƙota, kafin a damƙa masa gizago. Mai yi wa yaron hukunci a ƙarshe shi ne manomin da ya sayi kayan: in fartanya ta lanƙwashe a gona, ranar kasuwa za ta dawo.

Wannan tsari yana da iyakarsa. Ba ya saurin karɓar sabon abu, ba a rubuta awo, kuma wanda bai gada ba da wuya ya shiga. Amma yana da abubuwa uku da za mu ga makarantar boko ta yi ta fama da rashinsu: gwani a kusa, aiki na gaske, da harshen da yaro yake ji.

3.0 Makarantar Ɗan Hausa

Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, haifaffen Basel ne ta ƙasar Suwizalan. Ya zo ƙasar nan da farko cikin 'yan mishan, daga baya ya koma aikin mulki a Barno, a 1906 kuma ya ƙetare Sahara daga Turabulus zuwa Barno tare da ayari. A 1908 Gwamna Girouard ya ɗora masa aikin tsara ilmin gwamnati a Arewa, aka tura shi ya ga yadda ake yi a Masar da Sudan da wasu ƙasashe. Da ya dawo sai ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a 1909. Gidan da ya zauna a ciki yana nan har yanzu, shi ne Gidan Ɗan Hausa.

Makarantar ba guda ɗaya ba ce, rukuni ce. Akwai ta malamai, akwai ta 'ya'yan sarakuna, akwai ta elementare, akwai kuma ta koyon sana'a, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki da makamantansu. Abin lura a nan shi ne dabarar da Vischer ya bi. Ga sana'o'in da ƙasa ta riga ta sani, gwanayen gari aka ɗauko su zama masu koyarwa, da niyyar a fara daga abin da hannunsu ya saba, sa'an nan a shigo da sababbin kayan aiki da awo sannu a hankali. Da Hausa ake koyarwa, cikin rubutun boko, wanda shi kansa Vischer ya tsara wa ƙa'idoji a 1912. Baitulmalin sarakuna kuwa shi ya ɗauki babban kaso na kuɗin.

Kafinta ita ce baƙuwa a cikin sana'o'in nan. Masassaƙi daga gungume guda yake fitar da abin da yake so, kafinta kuwa katakon da aka tsaga yake yankawa da zarto, ya goge, ya huda da kurfi, ya haɗa gaɓa da gaɓa bisa awo. Bukatarta ta taso ne tare da ofis da kotu da makaranta, waɗanda suke son tebur da benci da kabad da ƙofa da taga, ta kuma ƙaru bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Saboda haka yaron da ya koyi kafinta a lokacin ya san inda aikinsa za shi.

Sai dai tun daga wannan tushe aka shuka abin da zai dami darasin daga baya. An ware makarantar masu mulki daban, ta masu sana'a daban. Kowa ya ga cewa mai alƙalami shi ne zai zama hakimi ko malamin haraji ko akawu, mai zarto kuwa zai yi musu tebur. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, sai hanyar ɗaukaka ta ƙara fitowa fili, kuma ba ta ɗakin aikin hannu ta bi ba.

4.0 Daga makarantar sana'a zuwa Midil

Bayan an watsa ilmin gwamnati zuwa larduna, an buɗe makarantun sana'a a manyan garuruwa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da makarantun lardi. A daidai wannan lokaci ra'ayin koyar da aikin hannu ya sami ƙarfi daga waje. Kwamitin Phelps-Stokes na Amurka, ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tare da Dokta Aggrey mutumin Gana, ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 da 1921, ya fitar da rahotonsa a 1922. Abin koyinsa shi ne makarantun baƙaƙen fata na kudancin Amurka, Hampton da Tuskegee, inda aka ba noma da sana'a muhimmanci. A 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufar ilmi ga ƙasashen Afirka da take mulka, wadda ta ce a daidaita ilmi da rayuwar jama'a da sana'o'insu. Sakataren kwamitin da ya shirya takardar kuwa ba wani ba ne, Ɗan Hausa ne.

A takarda abin ya yi kyau, amma 'yan Afirka masu ilmi da yawa sun yi masa kallon tuhuma, kuma suna da hujja. Sun ga cewa Baturen da ke yabon aikin hannu bai sa ɗansa a ciki ba, albashin akawu kuma ya fi abin da mai sana'a yake samu. Daga nan zargi ya kafu cewa ilmin sana'a dabara ce ta danne baƙar fata, kuma wannan zargi ya daɗe bayan waɗanda suka jawo shi sun tafi.

A 1929 aka haɗe ma'aikatun ilmi na Kudu da Arewa, aka naɗa E. R. J. Hussey ya zama darekta. A sabon tsarin da ya kawo a wajejen 1930, an haɗe makarantun sana'a na Arewa da manyan azuzuwan makarantun lardi, aka sami abin da aka sani da makarantun Midil. Manufar ita ce kowane yaro ya taɓa aikin katako da na ƙarfe tare da karatunsa, kada a sami mai ƙyamar aikin hannu. Manufa ce mai kyau, kuma akwai tsofaffin 'yan Midil da suka fita da iya riƙe zarto. Amma abin da ya auku shi ne, sana'ar da a da ake kwana a tashi a kanta shekara da shekaru ta koma darasi na 'yan sa'o'i a mako, a cikin makarantar da Turanci da lissafi ne suke kai yaro kwaleji. Ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929, wadda ta sa aka tsuke bakin aljihu. Sakamakon haka, har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, akasarin ƙwararrun kafintoci da kanikawa na reluwe da Ma'aikatar Ayyuka mutanen Kudu ne da na wasu ƙasashen bakin teku, mazauna Sabon Gari.

5.0 Garmar shanu da koyarwar da ta kama

A shekarun da darasin sana'a yake raguwa a makaranta, wata koyarwa ta daban tana tsirowa a gona. Ma'aikatar Gona, wadda O. T. Faulkner ya shugabanta daga 1921, ta kafa tashar bincike a Samaru ta Zariya a 1922. A 1928 ta fara shirin haɗa noma da kiwo, da manoma uku kacal. Hikimar shirin ita ce, manomi ya ajiye bijimai biyu, ya yi huɗa da su, ya sami taki daga gare su, ya ciyar da su da harawa da karan gonarsa, in sun tsufa ya sayar ya sayi wasu. Baitulmalin En'e yakan ba da rance na shanu da garma, a biya a hankali.

Garmar da ta fi karɓuwa ita ce Emcot, ƙirar kamfanin Ransomes na Ingila, wadda ta samo sunanta daga hukumar bunƙasa noman auduga mai gonar gwaji a Daudawa. Dalilin karɓuwarta a fili yake: kunya take tayarwa, irin wadda Bahaushe ya saba tayarwa da garmar hannu, saboda haka ba ta nemi ya sake fasalin gonarsa ba. Abin da ake koya wa manomi a gonakin gwaji kuwa shi ne ainihin kanikancin noma a matakinsa na farko, watau yadda ake horar da shanu, da yadda ake ɗora karkiya don kada ta ji musu ciwo, da tsawon sarƙa, da yadda ake ɗaga ƙafar garma ko a sauke ta don a daidaita zurfi, da buɗa fukafukanta ko tsuke su gwargwadon faɗin kunya, da sauya bakin in ya cinye.

Shirin ya yi tafiyar hawainiya da farko, saboda cututtukan shanu da wuyar cire kututture da nauyin bashi. Amma zuwa tsakiyar shekarun 1950 masu garmar shanu sun kai wajen dubu goma sha biyar, daga nan kuma abin ya wuce hannun gwamnati. Maƙeran karkara suka karɓe shi. Suka koyi ƙera bakin garma da tsofaffin ƙarafan mota, suka koyi gyaran ƙafarta, daga baya masu walda suka riƙa ƙera garmar ɗungurungum, har da amalanken shanu. Masassaƙa kuma suka ɗauki aikin karkiya. A yankunan Gombe da Funtuwa da Gusau da karkarar Kano, garmar shanu ta zama kayan gida, ɗa yana koyonta a bayan ubansa. Ga sabuwar fasaha ta shigo daga waje, ta sami gwani, ta sami aiki na gaske, ta sami suna na Hausa, sai ta zauna.

Ya kamata a gwada wannan da shirin noma na Mokwa, wanda aka fara a 1949 da taraktoci da manyan injuna, aka rufe a 1954 bayan hasara mai yawa. Saiwoyi da kututture sun yi ta karya injuna, kayan gyara sai an jira daga ƙasar waje, gonakin da injin ya share kuma sun fi ƙarfin nomewar iyalin da aka zaunar a kansu. An kawo injin ne kafin a tanadi hannun da zai riƙe shi.

6.0 Cibiyoyin sana'a da jajibirin mulkin kai

Yaƙin Duniya na Biyu ya tona asirin ƙarancin masu fasaha a ƙasar. Cikin shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, an ware kuɗi domin ilmin fasaha, aka kafa makarantar fasaha ta Yaba da cibiyoyin koyon sana'a a Yaba da Inugu da Kaduna. A shekarun 1950 aka ƙara wasu, kamar ta Bukuru, a 1956 kuma aka buɗe makarantar fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, wadda take gaggawar samun 'yan Arewa da za su riƙe ayyuka, ta sake farfaɗo da makarantun sana'a a larduna, irin su na Wudil da Mashi da Soba, domin su riƙa ciyar da cibiyoyin da ɗalibai.

Waɗannan makarantu sun yi aiki, kuma dalilin bai ɓuya ba. Yaro yakan shafe rabin yininsa ko fiye a kan bencin aiki, masu koyarwa kuma mutane ne da suka yi sana'ar da hannunsu, ga jarrabawar City and Guilds ta Landan da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, waɗanda sai an yi aikin a gaban mai dubawa. Da yawa daga cikin fomanonin ma'aikatun ayyuka da na masaƙun Kaduna da Kano daga nan suka fito. Amma makarantun kaɗan ne, kuma an ɗauke su wurin da ake tura yaron da bai sami shiga sakandare ko kwalejin horon malamai ba. Kwamitin Ashby, wanda Shettima Kashim Ibrahim yake cikinsa, ya koka a rahotonsa na 1960 game da yadda ilmin ƙasar ya karkata ga karatun littafi, ya bar noma da fasaha a baya. An ji kukan, amma ma'aunin albashi bai sauya ba, iyaye kuwa ma'aunin albashi suke dubawa.

7.0 Tsarin 6-3-3-4 da akwatunan da ba a buɗe ba

Yunƙuri mafi girma shi ne wanda ya samo asali daga taron manhajar ilmi na ƙasa da aka yi a Ikko a 1969, wanda ya haifi Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977. Tsarin da ta kawo, na shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, 4 a jami'a, ya fara aiki a 1982, lokacin da yaran farko na shirin ilmin firamare kyauta na 1976 suka gama aji shida, ko da yake jihohi ba su shiga a lokaci guda ba. Ƙaramar sakandare ita ce zuciyar tsarin. An so kowane yaro ya yi aikin gona a aikace, ya kuma yi darasin share fagen fasaha, wanda yara suka riƙa kira intirotek, mai ƙunshe da aikin katako da na ƙarfe da zanen fasaha da lantarki da kanikanci, ta yadda wanda ya tsaya a aji uku zai fita da abin yi.

Gwamnatin Tarayya ta yi odar kayan aiki masu yawa daga Balgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu. Abin da ya biyo baya sananne ne ga malaman wancan zamani. Injuna masu bukatar lantarki sun isa makarantun da ba su da wuta. Wasu sun iso kafin a gina ɗakin da za a kafa su, suka zauna cikin akwatunansu a baranda, rana da ruwa suna dukansu, wasu kuma ɓarayi suka yi gaba da su. Inda aka kafa su, sau da yawa babu malamin da ya san sarrafa su, domin kwalejojin horar da malaman fasaha, irin ta Akoka da ta Gombe wadda aka buɗe a 1977, ba su isa su cika makarantun ƙasa baki ɗaya ba, kuma malamin da ya ƙware yakan sami aikin da ya fi koyarwa tsoka a kamfani. Ana cikin haka farashin man fetur ya faɗi, aka shiga matakan tsimi a 1982, aka kuma shiga shirin gyaran tattalin arziki a 1986, kuɗin katako da ƙusa da man injin ya gagara. An yi tuya an manta da albasa.

Daga nan darasin ya koma kan allo. Yaro yakan zana zarto a littafinsa, ya haddace sunayen gaɓoɓin katako da Turanci, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa yanka katako ba. Gyare-gyaren da suka biyo baya, watau shirin ilmin bai-ɗaya na 1999, da manhajar babbar sakandare ta 2011 wadda ta kawo darussan sana'a 34, sun sauya sunaye da jerin darussa, amma sun tarar da matsalar malami da kayan aiki a inda aka bar ta.

8.0 Shaidar harshe

Ga mai nazarin harshe, akwai wata shaida da ke nuna inda wannan ilmi ya bi ya shiga cikin Hausawa. In aka dubi kalmomin aro na wannan fage, irin su kafinta da sifana da sukudireba da walda da fulogi da kafireto da salansa da birki, za a ga duk sun sha gugar baki. An raba baƙaƙen da suka cunkushe, an sa wasali a ƙarshe, an sauya sautin da Hausa ba ta da shi. Wannan alama ce ta kalmar da aka ji da kunne a wurin aiki, domin wadda aka koya daga littafi takan riƙe kamanninta na asali.

Misali mafi kyau shi ne sunan mai gyaran mota. Kalmar ta shigo da siffar makaniki, sai Hausawa suka ji gaɓar farko kamar ɗafa-goshin nan na ba- da ke cikin Bakano da baduku, suka ce bakanike, suka yi masa jam'i kanikawa, suka kira sana'ar kanikanci. Kalma ba ta samun irin wannan dangi sai ta zama 'yar gida. Haka kuma tsohuwar kalmar garma ta buɗa ta karɓi ta shanu, tarakta kuwa har ta sami suna daga ƙararta, wasu suna ce mata tantan. A gareji da rumfar kafinta, yaro yakan fara da miƙa wa maigidansa sifana ko riƙe bakin katako, kamar yadda ɗan maƙeri yake farawa da zuga-zugi, har ranar da za a yaye shi. Watau tsohon tsarin koyon sana'a ne ya buɗe ƙofarsa ga wanda bai gada ba, ya haɗiye sababbin sana'o'i. Kalmomin intirotek kuwa, in ban da sunan darasin kansa, da wuya a nuna waɗanda suka fito daga aji suka shiga bakin jama'a.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda aka fara a Nasarawa da gwanayen gari da harshen Hausa, amma aka sa mai sana'a a ƙarƙashin mai alƙalami. Mun ga yadda Midil ta mai da sana'a darasin 'yan sa'o'i, da yadda cibiyoyin sana'a suka yi aiki amma ga 'yan kaɗan, da yadda tsarin 6-3-3-4 ya sayo injuna kafin ya tanadi malamai. A gefe guda kuma mun ga garmar shanu, wadda ta bi ta hannun malamin gona da maƙeri da manomi, ta zama gado.

Ba nufin wannan maƙala ba ne a ce makaranta ba ta da abin bayarwa. Bakaniken gareji sau da yawa ya san yadda ake yi, bai san dalili ba. Awo na daidai, da karanta zane, da lissafin kayan aiki, da kiyaye haɗari, duk abubuwa ne da aji ya fi rumfa iya koyarwa. Abin da tarihin yake nunawa shi ne, kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa. Haɗin gwiwar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla da masu sana'a na kasuwar Panteka, domin a auna ƙwarewarsu a ba su takardar shaida, ya nuna an fara gane haka. Saura a juyo da hanyar ta ɗaya fuskar, a shigo da kafinta da maƙeri da mai walda na gari cikin ɗakin nan da ke kulle, a biya su hakkinsu, su koyar da Hausa, a kan aikin da makaranta da gari suke bukata, kamar gyaran bencin aji da bakin garma da injin ban-ruwa.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa. Tsofaffin da suka yi makarantun sana'a na larduna suna ƙarewa, haka ma maƙeran da suka fara ƙera bakin garmar shanu. Ya kamata ɗalibanmu masu neman abin bincike su je su zauna da su, su rubuta tarihinsu da kalmomin sana'arsu tun suna raye, domin da waɗannan kalmomi ne za a rubuta littafin da yaro zai karanta da zarto a hannunsa. Allah ya sa mu dace.